Zarton da Leandro Ya Ɗauka

Monte Prieto, New Mexico
Nuwamba, 1994

Zuwa ga 'yata Delfina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya. Innarki Clorinda tana gaishe ki, ta ce in tambaye ki ko a Oregon ɗin nan ana samun barkonon kirki, in babu ta aiko miki. Mu nan lafiya lau, sai tarin nan nawa da ya zama ɗan gida. Dusar ƙanƙara ta sauka a kan duwatsu, gobarar daji ta bana ta mutu.

Kin san ni da waya ba ma shiri. Ƙarar zarton inji ta cinye mini kunnuwa tun kina goye. Shi ya sa na zauna rubutu, kuma ba zan yi ta kewaye-kewaye ba.

Mutanen ofishin gandun daji sun zo gida, su biyu. Clorinda ta ba su kofi, suka yi ta murza huluna kafin su faɗi abin da ya kawo su. Sun ce in watan Afrilu ya kama ba mu da shugaba mai takardun shugabanci, za su rushe ƙungiyar kashe gobara ta Monte Prieto. Su karɓe motar, su rarraba yaranmu cikin ƙungiyoyin wasu garuruwa. Na ce muna da shugaba. Suka ce wa? Na ce Delfina Archuleta, wadda ta yi wa ɗana Leandro mataimakiya. Ƙaramin cikinsu ya ce, “Ai mun ji ta bar aiki, tana can tana dashen itatuwa.” Na ce hutu take yi, ya sha kofinsa kafin ya huce.

Ke yarinya ce, ba ki ga yadda aka fara ba. A zamaninmu, in daji ya kama, mota ce ke zuwa ta kwashe mu daga gonakin wake. Wani Bature mai jan wuya ya tsaya yana miƙa mana shebur da gatari yana cewa, “Waɗannan da sun ga hayaƙi za su watsar su ruga, ko su ɓoye su kai gonarsu.” A gabanmu yake faɗa, yana zaton ba ma jin Ingilishi. Mu ake ba kaya masu karyayyen ƙota, mu ne na ƙarshe a layin abinci. Tun lokacin na rantse babu kayan aikin da zai kwana a dutse daga hannun ɗan Monte Prieto. Duk wutar da muka gama, sai mun jera kayanmu a gaban mota kafin mu sha ruwa. Shugaba shi ke tafiya a baya, abin da ya faɗi shi zai ɗauka. Da wannan muka sami motarmu da sunan garinmu a jiki, da wannan rabin gidajen garin nan suka yi rufin kwano.

Ni na riƙe ƙungiyar nan, Amarante Lucero ya riƙe ta, ɗana ya riƙe ta. Ranar wutar Kwazazzabon Cuervo ku goma sha tara kuka sauko hannu sake. Ba na ganin laifinki, tsoro ba baƙon kowa ba ne. Amma da aka hau aka sami Leandro, zarton da mai zartonku Filemón ya yar yana kafaɗarsa. Ban yi kuka a gaban mutane ba. Na ce, wannan ɗana ne.

Ba zan bari abin da ya mutu a kansa ya watse kamar taron kasuwa ba. Ki dawo gida. Ba roƙonki nake ba, kawunki ne ke magana.

Allah ya yi miki albarka.

Kawunki,
Eusebio Maestas


Oregon
Disamba, 1994

Kawu,

Na sami wasiƙarka, na gode. Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Ka ce mata barkonon nan bai fi tumatir yaji ba, ta aiko. Tarin naka kuma, ɗan gida ko baƙo, ka kai shi asibiti.

Ba hutu nake yi ba, Kawu, kai ma ka sani. Aikina a nan shi ne in cire 'yan tsiron itatuwa daga kwando in sa su a ƙasa. Ruwan sama ba ya ɗaukewa, yatsuna kullum a cikin taɓo mai sanyi. Matan da muke aiki tare suna ta ƙorafi, ni kuwa ina jin daɗinsa. Wata huɗu ke nan ban ji ƙaurin hayaƙi a gashina ba.

Ba zan karɓi ƙungiyar ba.

Tun da mahaifiyata ta rasu ka ɗauko ni, ban taɓa ce maka a'a ba. A kwano ɗaya muka ci da Leandro, shi ya koya mini wasa gatari a bayan rumbu, ni nake ɓoye masa takalmi in ya tsokane ni. Labarin Bature mai jan wuya kuwa, na ji shi ya fi sau ɗari, har muryarsa Leandro ya iya kwaikwaya. Ba na raina shi. Na san abin da ya saya mana.

Amma ranar jana'iza, da muka fito daga coci, ka kama hannuna ka jawo ni kusa da kunnenka mai ɗan ji. Na zaci za ka tambaye ni yadda aka yi. Ka ce, “Kayan fa? Ko ɗaya ba a sauko da shi ba?” Tun ranar ba ka sake tambayata komai ba. Washegari na haɗa jakata.

An rubuto mini cewa samari sun zana zarto a ƙofar motar da jan fenti, sun rubuta sunan Leandro a ƙasa. An ce ƙanin abokin aikinmu Tranquilino, wanda ko wuta ɗaya bai taɓa gani ba, yana cewa shi ma da zartonsa za a same shi. Kawu, da na karanta wannan ban iya cin abinci ba. Irin mutanen da kake so in ja zuwa dutse ke nan.

Ka ba ni labarin Filemón. Wa ke gaishe shi a garin?

Ina yi maka addu'a kullum.

'Yarka,
Delfina


Monte Prieto
Janairu, 1995

Delfina,

Gaisuwa da fatan alheri, da barka da sabuwar shekara. Barkono yana hanya, Clorinda ta cika kwali har sai da mai gidan waya ya yi atishawa.

To, na ga kin koyi magana a Oregon. Kin ce ban tambaye ki yadda aka yi ba. Me kike so in tambaya? Na san yadda wuta ke kashe mutum, na ɗauko gawa a dutse tun ba a haife ki ba. Shekara arba'in duk wanda ya sauko tambaya ɗaya nake yi masa. Ranar ma bakina ita ya sani. In ta yi miki ciwo, ni ma ba daɗi nake ji ba.

Filemón lafiyarsa ƙalau. Ba wanda ya hana shi zuwa kanti, shi ya hana kansa. An ce ranar Kirsimeti ya shiga sayen taba, wani ya ce, “Filemón, riƙe canjinka da kyau, kar ka yar.” Aka yi dariya, ya fita. Ni ba na wurin, da na tsawata. Amma ki faɗa mini gaskiya, mai zarto ya dawo ba zarto, me kike so a kira shi?

Bari in tuna miki Amarante, tunda kin gaji da Bature. A wutar Rincón dutse ya gangaro ya karya masa ƙafa. Muka ce za mu ɗauke shi, ya ce ku ɗauki kanku. Ya dogara da ƙotar shebur, gatarin wani a ɗaya hannun, ya sauko yana zagin kowa da uwar kowa. Da ya iso mota bai zauna ba sai da ya ajiye su a layi. Shugabannin wasu ƙungiyoyi suka cire huluna. Daga ranar, in wuta ta gagara, ana cewa a kira 'yan Monte Prieto. Wannan shi ne abin da samarin suke zanawa a ƙofar mota, ba mutuwa ba.

Ke ma irin jininsa ne a jikinki, kar ki yi mini musu. Ranar da kika zo neman aiki na ce mace ba ta hawa motata. Kika zauna a kan taya kika ƙi tashi. Na ba ki gatarin da ya fi kowanne nauyi don ki gudu kafin rana ta yi tsaka. Da yamma Tranquilino, ƙaton banza, yana kwance a inuwa yana kiran uwarsa, ke kina nan kina sara. Ban faɗa miki ba, amma na yi dariya har na shaƙe.

Ga abin da na yanke. Ki dawo. Da ƙanƙara ta narke ki ɗauki yaran ku hau Cuervo, ku tsinto kawunan gaturan da shebura. Ƙota ta ƙone, ƙarfe yana nan. Ni zan sa musu sabbin ƙotoci da hannuna, mu jera su a gaban mota, magana ta ƙare. Ba wanda zai sake cewa mace ta tsorata ta sa maza sun zubar da kaya.

Ofis sun sake aikowa. Na ce musu kina hanya.

Allah ya kiyaye ki.

Kawunki,
Eusebio


Oregon
Fabrairu, 1995

Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa. Barkono ya iso, a gode mini wa Inna. Ka zauna kafin ka karanta wannan. Tunda ba za ka tambaya ba, zan faɗa ba tambaya.

Ranar muna saran layin tare wuta a gefen kwazazzabo, wutar tana ƙasa da mu a ɗaya gefen, tana ci a hankali. Bayan tsakar rana iska ta juya. Na ga ta tsallako rafi ta kama gefenmu. Leandro ya ce a hau, kowa ya nufi doron dutse, wurin da babu ciyawa. Ni a gaba, shi a baya, yadda ka koya mana.

Hawan nan ka san shi. Mutum yana ɗauke da jaka, da ruwa, da gatari, masu zarto da zarto da mai. Na waiwaya na ga tana hawa fiye da yadda muke hawa. Ƙararta kamar jirgin ƙasa. Na tsaya na yi ihu, “Ku zubar da kaya! Ku zubar da komai ku gudu!”

Kawu, ba wanda ya zubar. Ka ji? Ko ɗaya. Mutum goma sha takwas suka tsaya a gangaren nan, wuta a bayansu, suka waiwaya suna kallon Leandro. Mutanen da na kwana da su a ƙasa shekara da shekaru, na ba su umarnin da zai cece su, suka juya mini ƙeya. Ba don ni mace ce ba. Kai suke nema, shi ne mafi kusa da kai.

Leandro ya ɗaga murya ya ce, “Ba ku ji ta ba ne? Ku zubar, 'yan banza! Filemón, yar da shi ko in karya ka!” Sannan suka zubar. Ɗanka ne ya ba da umarnin. Ba tsorona ba ne, hankalinsa ne. Duk sun ji shi, sun yi shiru ne don kar su ɓata maka abin da ka riƙe.

Muka ruga. Na isa sama na fara jawo su ɗaya bayan ɗaya. Filemón, wanda kowa ya sani ko kaza ba ya iya kamawa, ya iso yana amai. Na duba ƙasa don in ga Leandro. Shi ne ya fi kowa gudu a cikinmu, kowace shekara shi ke riga kowa hawa tudun bayan coci. Na gan shi ya zo daidai inda zarton yake. Bai tsaya ya yi tunani ba, Kawu. Bai ko rage gudu sosai ba. Hannunsa ne kawai ya sauka ya ɗauka, kamar yadda mutum ke ɗaukar hularsa in zai fita. Ya saɓa a kafaɗa ya ci gaba da hawa.

Na kira shi har muryata ta tsage. Na ga fuskarsa. Da na jefa dutse daga inda nake, da ya wuce inda ya faɗi.

Wannan shi ne abin da aka zana a ƙofar mota.

Ba zan hau in tsinto ƙarfe ba. Su ruɓe a can. In na karɓi yaran nan yadda suke, wata rana iska za ta sake juyawa, in yi ihu, su waiwaya, kuma wannan karon babu Leandro a baya. Ni ba zan iya cire musu wannan ba, ba ni na sa musu ba. Sharaɗina ɗaya ne. Ka tara su, ka tsaya a gabansu, ka ce musu da bakinka su zubar. In ka yi, zan zo. In ba ka yi ba, gara a rushe ta.

Na san abin da na ɗora maka. Ka yafe mini nauyin, amma ba zan janye ba.

'Yarka,
Delfina


Monte Prieto
Farkon Maris, 1995

'Yata Delfina,

Innarki ce, Clorinda. Ina gaishe ki, ya sanyi, ya aiki? Ki yi haƙuri da rubutuna, rabona da alƙalami tun katin bikin Leandro. Na ga kawunki ba shi da niyyar ba ki amsa, kuma na san kina can kina leƙen akwatin wasiƙa.

A tebur ya karanta. Ya ninke ta, ya fita ba rigar sanyi, ya kama faskare. Itacen da zai kai mu wata shekara ya faskara, yana tari kamar ƙirjinsa zai fito. Na ce, “Eusebio, in mutuwa kake nema ka shigo ciki ka yi ta, ƙasa ta daskare, ba mai jan ka daga nan.” Ko kallona bai yi ba. Da ya shigo ya ce, “Kin sani?” Na ce duk garin ya sani, sai kai da Rosaura. Ya ce me ya sa ban faɗa masa ba. Na ce, “Yaushe ka taɓa jin abin da ba ka so? Kunnen nan naka ya san abin da yake zaɓa.”

Tun ranar ba ya cin abincin kirki. Likita ya ba shi tukunyar iska da roba a hanci, ya rataye ta a ƙusa kamar linzami. Yana zama a rumbu yana shafa wa tsofaffin gatura mai.

Rosaura ce damuwata. Matar Leandro ba ta da abin riƙo sai zarton nan. Ta sa hotonsa a bango da kyandir, kullum tana gaya wa jikarmu cewa babanta shi kaɗai ne bai tsorata ba. Da wannan take tashi da safe. Kawunki ya san in ya buɗe baki, daga hannunta zai ƙwace shi. Ranar Lahadi ta kawo yarinyar, ya ɗora ta a cinya ya yi ta kallon bango.

Yanzu ki ji tawa, don ni ma ina da baki. Ni da son raina ne, da motar nan ta faɗa rafi. Miji na ba ta ya dawo kurma, ɗa na ba ta bai dawo ba. Shekara arba'in ina dafa wake ina kallon hayaƙi a kan dutse. Ba na son ta ko kaɗan.

Amma kin ce gara a rushe ta. To a rushe, sai me? Kina zaton samarin nan za su koma noma? Ba wani aiki a garin nan, kin sani. Za su watsu cikin ƙungiyoyin baƙi, kowanne da abin nan a hannunsa, kuma sai sun fi riƙe shi a can don a san 'yan Monte Prieto ne. Shugaban baƙo zai ce a zubar sau ɗaya ya ruga, bai san akwai wanda sai an zage shi ba. Uwar Tranquilino ta zo mini jiya tana kuka a kan ƙaramin ɗanta. Na ba ta kofi.

Ba cewa nake ki janye ba. Ina faɗa miki ne don ki san ku biyun nan, kai ɗaya gare ku, kuma 'ya'yan mutane ne a tsakaninku.

Ki riƙa sa safa biyu.

Innarki,
Clorinda


Monte Prieto
Ƙarshen Maris, 1995

Delfina,

Gaisuwa. Zan taƙaita.

Ranar Asabar aka yi yashen magudanar ruwan gari. Kin san ba namijin da ke fashi ranar, kowa da sheburinsa. Na sa Clorinda ta kai ni a mota har bakin gada inda suke hutawa su ci abinci. Mata sun kawo wake da gurasar masara. Rosaura tana cikinsu.

Tranquilino ya hango ni ya ce, “Ga Baba ya zo duba ko mun yar da shebur!” Aka yi dariya. Na ce ya zo ya riƙe ni in hau bayan mota. Na hau. Na tsaya ina kallonsu, iska ta ƙi shiga ƙirjina, har na zaci ba zan iya ba.

Na ce a kira mini Filemón. Yana can nesa shi kaɗai yana cin nasa a tsaye. Ya zo yana kallon ƙasa. Na ce, “Wa ya ce ka yar da zarto a Cuervo?” Ya faɗi wani abu ƙasa-ƙasa. Na ce, “Ɗaga murya, ka san ni kurma ne.” Ya ce, “Leandro ne, Baba.” Na ce ya sake faɗa. Ya sake, ya fashe da kuka, ƙato da shi.

Sai na ce musu, “Kun ji. Ɗana ya ba da umarni mai kyau, mutum goma sha tara suka bi, ga su nan suna cin wake. Mutum ɗaya ya karya umarnin, yana kwance a kabari bayan coci. Ba jarumta ce ta kashe shi ba, zarto ne. Duk wanda ya sake ce mini da zartonsa za a same shi, ni zan fasa masa baki kafin wuta ta same shi. Daga yau in shugaba ya ce a zubar, a zubar. Wanda ya waiwaya ba ɗan Monte Prieto ba ne.”

Wani tsoho daga baya, cikin waɗanda muka fara tare, ya ce, “Eusebio, Amarante fa?” Na ce Amarante ya yi sa'a, iska ba ta juya ba ranar.

Ba wanda ya tafa.  Rosaura ta ajiye tukunyar da ke hannunta a ƙasa, ta zo har gindin motar. Ta ce, “Baba, ka binne shi sau ɗaya, bai ishe ka ba?” Ta kama hannun yarinyar suka tafi. Ranar Litinin ƙaninta ya zo da mota ya kwashe kayansu, ta koma gidan iyayenta a can kudu. Yarinyar ta ɗaga mini hannu ta taga, uwar ta sauke hannun.

Samarin sun shafe zanen da kansu, ban sa su ba. Na aika wa ofis da sunanki, sun ce ki zo ki sa hannu, horo zai fara bayan bikin Ista.

Na yi abin da kika ce. Kada ki gode mini. Kuma in kin zo, kada ki sauka a gidana tukuna. Clorinda ta gyara miki ɗaki a wurin uwar Tranquilino. Ba fushi nake da ke ba, gaskiya kika faɗa. Amma dā ina da ɗan da ya mutu jarumi, yanzu ina da ɗan da ya mutu kawai, kuma ban iya kallon fuskarki ba tukuna.

Ki kula da yaran.

Kawunki,
Eusebio


Oregon
Afrilu, 1995

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Na karɓa. Na ajiye aikin nan, ina hanya ranar Talata.

Ba zan gode maka ba, tunda ka hana. Zan sauka inda Inna ta ce, ba zan zo ba sai ka aiko. Zan rubuta wa Rosaura, ko da za ta yaga.

Filemón zan mayar wa zarto. Ranar farko ta horo zan hau da su tudun bayan coci da cikakkun kaya, a tsakiyar hawa in ce su zubar. Mu sauko mu kwasa, mu sake hawa. Haka za mu yi ta yi har sai na ce a zubar ba wanda ya juya kansa.

Ni ce a baya yanzu, Kawu. Duk abin da suka yar, ta kansa zan bi, kuma dole in tsallake. Ka yi mini addu'a hannuna ya yarda. Ni ma a gidanka na tashi.

Ka sa robar nan a hanci.

'Yarka,
Delfina